Aikin ɗan sa-kai mai duba jiragen ruwan shaƙatawa a Amurka: abin da ake dubawa da inda huruminsa ya tsaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Maryland, kuma kwanan nan na shiga reshen 'yan sa-kai na rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka. Shugabanninmu sun ba ni shawarar in nemi zama mai duba jiragen ruwan shaƙatawa. Me ake bukata kafin a amince da mutum? Me ake dubawa a jikin jirgin? Idan kuma jirgi ya faɗi binciken, ina da ikon hana shi shiga ruwa ko in kai rahotonsa? Na lura masu jirage suna ɗari-ɗari da duk wanda suka gani da kaki.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa wannan niyya taka albarka. Da tambayarka ta ƙarshe zan fara, domin sauran duk a kanta suka rataya. Ba ka da ikon hana kowa shiga ruwa. Ba ka da ikon cin tarar kowa. Idan jirgi ya faɗi, ba a kai sunan mai shi ko lambarsa wurin jami'an tsaro. Ba mantuwa aka yi ba, da gangan aka tsara abin haka tun farko. Ƙungiyar da ka shiga, Coast Guard Auxiliary, majalisar dokokin Amurka ce ta kafa ta a 1939, kuma aikin tilasta bin doka ba ya cikin abin da aka ɗora mata. Duba jirage kyauta ya fara a 1947. A 2000 aka sa masa sunan da yake amsawa yanzu, Vessel Safety Check, aka kuma shigo da United States Power Squadrons, ƙungiyar masu jirage da ke nan tun 1914, ta yadda 'yan ƙungiyoyin biyu ke aiki da ƙa'ida ɗaya da sitika iri ɗaya, wadda ake manna wa jirgin da ya ci binciken.

Ɗari-ɗarin da ka gani gaskiya ne, kuma maganinsa yana bakinka. Kafin ka taka jirgin kowa, ka gaishe shi, ka gaya masa abu uku: kyauta ne, sai da yardarsa, kuma duk abin da aka gani tsakaninku zai tsaya. Mutumin da ke tsoron tara ba zai buɗe maka akwatin da ya san rigunan kariya daga nutsewa da ke cikinsa sun ruɓe ba, zai nuna maka masu kyan ne ya sallame ka. Wanda ya tabbata ba abin da za ka yi masa shi ne zai ce, “Malam, zo ka ga wani abu nan, kwana biyu ina jin warin fetur a ƙasan nan.” Wannan maganar ita ake nema. Jami'in da ya tare jirgi a tsakiyar ruwa ba safai yake jin irinta ba, kai kuwa za ka ji ta saboda hannunka ba komai sai fom da biro.

Sharuɗɗan zama mai dubawa ba su da yawa. Tunda ka riga ka shiga, ka wuce na farko, wato zama ɗan ƙasa mai shekara 17 ko fiye da tantancewar da ake yi wa kowane sabon shiga. Sai ka kasance ka ci kwas ɗin kiyaye haɗurran ruwa da aka amince da shi. Daga nan ka karanta littafin jagorar masu dubawa, ka zauna jarrabawa. Ana barin mutum ya buɗe littafi, amma maki 90 cikin 100 ake nema, saboda haka wanda bai san inda kowace magana take ba zai sha wuya. Bayan ka ci, za ka duba jirage 5 a gaban wani gogaggen mai dubawa, shi ne zai sa hannu cewa ka iya. Kowace shekara kuma sai ka duba aƙalla 5 kafin takardarka ta ci gaba da aiki. Wanda ya gaza sai ya sake komawa ƙarƙashin wani kafin a mayar masa da ita. Shawarata a nan: waɗancan biyar na koyo, kada ka yarda su zama duk ƙananan jirage masu inji a waje. Ka roƙi malaminka ya kai ka jirgi mai injin fetur a ciki, da mai banɗaki, da na filafilai, don abin da ke da wuya a nan yake. Ka kuma riƙe cewa jirgin da ya faɗi ma ana ƙirga maka shi, ba abin da ka rasa idan ka hana sitika.

Ana yin binciken ne jirgi na tsaye, ko a ɗaure a matsaya ko a kan tirela a ƙofar gida, kuma mai shi ko mai tuƙa shi yana wurin. Yawanci minti 15 zuwa 30 ya isa. Idan jirgin a kan ruwa yake, ka sa rigarka ta kariya kafin ka hau. Ba yadda za a yi ka yi wa mutum wa'azin riga kai kuma kana tsaye ba ita. Ka nemi izini kafin ka hau. Sannan hannunka ya san iyakarsa: kai ba makanike ba ne, ba kuma mai kimanta lafiyar jirgi don saye ko inshora ba. Ba ka kwance komai, ba ka gyara komai. Fitila ce, ka ce masa ya kunna. Fanka ce, shi zai danna. Murfin inji, shi zai ɗaga. Abin da ya lalace a hannun mai shi nasa ne, abin da ya lalace a hannunka kuwa ya zama magana.

Fom ɗin da za ka riƙe shi ne mai lamba 7012, akwai kuma 7012A na kwale-kwalen da ake tuƙawa da hannu. Yana farawa da lamba da takardu. Lambar rajista tana gaban jirgi, hagu da dama, da manyan haruffa miƙaƙƙu da tsayinsu bai gaza inci 3 ba, launinsu ya bambanta da na jikin jirgin, a karanta daga hagu zuwa dama, da tazara ko ɗan layi tsakanin haruffa da lambobi. A jiharku zai zama kamar MD 1234 AB. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai ka sa ɗan tef ɗin awo a aljihu, domin haruffa masu ado da ake sayarwa sukan yi kamar sun kai alhali ba su kai ba. Takardar rajista dole tana cikin jirgin kuma ba ta ƙare ba. Ka zagaya baya ta dama ka karanta lambar jikin jirgi mai haruffa da lambobi 12, wadda aka wajabta wa masu ƙera jirage tun Nuwamban 1972, ka gwada ta da abin da ke takarda. Manyan jirage masu rajistar tarayya tsarinsu daban ne: suna da garin da jirgin yake a rubuce a waje da haruffan inci 4, lambar hukuma kuma a manne ta dindindin a ciki.

Rigunan kariya su ne inda nake so ka fi daɗewa. Alƙaluman da rundunar ta fitar na 2023 sun nuna mutum 564 ne suka mutu a haɗurran jiragen shaƙatawa a Amurka. A inda aka san sanadin mutuwar, kashi 75 cikin 100 nutsewa suka yi, kuma cikin waɗanda suka nutse da aka san halin da suke ciki, kashi 87 ba sa sanye da riga. Mu da muka tashi muna jin labarin kifewar jirage a kogin Neja, irin na Warrah a jihar Kebbi a 2021, ba sai an yi mana dogon bayani ba, ko da yake waɗancan jiragen fasinja ne kuma dokarsu daban.

Ƙa'idar ita ce riga ɗaya ga kowane mutum da ke cikin jirgi, mai ɗauke da tambarin amincewar rundunar, daidai jikin mai sawa, lafiyayya, kuma a inda hannu zai kai gare ta nan take. Kowane ɗaya cikin waɗannan sharuɗɗan yana kayar da jirage. Kada ka tsaya daga nesa kana ƙirgawa. Ka ce a fito da su duka, ka ɗauki kowace ɗaya, ka ja maɗauranta da ƙarfi, ka danna maƙullin ka ji ya kama, ka matsa soson ciki. Rigar da ta shekara a rana yadinta yakan yage kamar takarda da zarar an ja, wadda ta kwana cikin danshi kuma soson yakan taurare ko ya yi nauyi. Idan rubutun tambarin ya goge har ba ya karantuwa, ba ta shiga lissafi. Wadda har yanzu take cikin ledar kanti, ko aka kulle ta a akwati, ko aka danne ta da anka da igiyoyi, ba za a ce tana kusa da hannu ba. Ka sa a yage ledar a gabanka, a gyara mata wuri. Tsofaffin riguna za ka ga an rubuta musu nau'i na I ko II ko III ko V, sababbi kuma lamba ce kamar 70, duka suna aiki muddin tambarin amincewa yana nan kuma an bi abin da aka rubuta a jikinsu.

Masu hura kansu da iska suna da nasu duban. Ka sa mai jirgi ya buɗe ta, a ga ƙaramar tukunyar iskar tana nan a ɗaure, ba a huda bakinta ba, ba tsatsa, alamar kuma tana kan kore. Sau da yawa riga takan yi kyau a waje, a buɗe a tarar an taɓa amfani da tukunyar ba a sauya ba. Irin wannan riga ba ta halatta ga wanda bai kai shekara 16 ba. Sai ka tambaya: akwai yara da ke hawa? Rigar babba ba ta ceton yaro, zamewa yake yi ta ƙasa ya bar ta tana yawo. Dokar tarayya ta ce yaro ƙasa da shekara 13 ya kasance sanye da riga muddin jirgi na tafiya, sai in yana cikin rufaffen ɗaki ko ƙasan jirgi, amma inda jiha take da tata dokar ita ake bi, kuma Maryland tana da tata. Jirgin da ya kai ƙafa 16 kuma dole ya ƙara da abin jefawa guda, zobe ko matashi mai yawo a ruwa, wanda za a iya cafka a wurga cikin ƙiftawar ido. Wanda aka ɗaure tam da igiya don kada iska ta ɗauke bai cika sharaɗi ba.

Alamun neman ɗauki sun danganta da ruwan da ake shiga. Jirgi mai ƙafa 16 ko fiye da ke yawo a gaɓar teku, ko manyan tafkunan arewacin Amurka, ko ruwan da ke haɗe da su har zuwa inda faɗinsa ya gaza mil 2, dole ya riƙe na rana da na dare. Chesapeake, babban mashigin tekun da ke jiharku, na cikin wannan. Idan sandunan wuta ne, waɗanda ake kunnawa don a hango jirgi daga nesa, uku na rana uku na dare, ko uku masu aiki a duka biyun. Wa'adinsu wata 42 ne daga ranar ƙerawa, kuma an buga ranar ƙarewa a jikin kowanne, saboda haka ɗaya bayan ɗaya za ka karanta. Wanda ba ya son ajiye abin wuta yana iya riƙe tuta ruwan lemo mai baƙin murabba'i da baƙin da'ira don rana, da fitilar lantarki da aka amince da ita mai walƙiya da alamar SOS don dare. Ka sa ya kunna ta, domin batir yakan mutu a cikin akwati ba wanda ya sani. Waɗanda wa'adinsu ya wuce yana iya ajiye su a matsayin ƙari, amma ba sa cikin ukun.

Tukunyar kashe gobara dokarta ta sauya ranar 20 ga Afrilun 2022, kuma har yau masu jirage da yawa ba su ji ba. Irin wadda ba a sake cikawa, da ta shekara 12 daga ƙerawa ta tashi aiki, ko da allurar tana tsakiyar kore. Ka ciro ta daga maƙalarta, ka juya gindinta sama: a mafi yawansu shekarar tana nan a dandaƙe a ƙarfen, wani lokaci lambobi biyu kawai. Sai ka duba fil ɗin yana nan, bakin bai toshe ba, ba tsatsa ba lotsawa, kuma an rubuta cewa ta jirgin ruwa ce da rundunar ta amince da ita. Jirage ƙirar 2018 zuwa sama sai masu alamar girma 5-B ko 10-B ko 20-B. Tsofaffi suna iya ci gaba da B-I da B-II idan lafiyarsu ƙalau kuma ba su wuce wa'adi ba. Ƙasa da ƙafa 26, guda ɗaya. Daga 26 zuwa ƙasa da 40, biyu ƙanana ko 20-B ɗaya. Daga 40 zuwa 65, uku ƙanana, ko babba ɗaya da ƙarama ɗaya. Idan ɗakin injin yana da na'urar kashe wuta ta dindindin ana rage guda. Buɗaɗɗen ƙaramin jirgi mai inji a waje, da ba shi da tankin dindindin ko wani rufaffen wuri da tururin mai zai taru, doka ba ta tilasta masa ba, amma ni ina gaya wa mai shi ya saya. Ka kuma san cewa a Nuwamban 2017 kamfanin Kidde ya janye miliyoyin tukwanensa masu hannun roba. In ka ga irinsu ka ce wa mai jirgi ya bincika ko tasa na ciki. Wurin ajiya ma magana ce. Tukunyar da aka maƙala a cikin ɗakin inji, ranar da wuta ta tashi a can ba mai iya kai hannu gare ta.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ba ni tsoro, jirgi mai injin fetur a ciki. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yana zubewa ƙasa iska ta kwashe shi, a jirgi kuwa ba inda za shi sai kwarmin ƙasa, ya kwanta can yana jiran tartsatsi ɗaya daga sitata ko batir. Shi ya sa jiragen da aka ƙera daga Agustan 1980 masu irin wannan inji a rufaffen ɗaki dole su kasance da fanka mai zuƙo iska waje, da rubutun gargaɗi kusa da makunni cewa a bar ta ta yi minti 4 tana aiki kafin a tayar da inji. Jin ƙarar fanka bai isa ba. Ka sa ya kunna, ka je bakin da iskar ke fita ka ɗora tafin hannunka ka ji tana bugowa. Sannan ka leƙa ciki ka bi tiyon da ido: yakan yage, ko ya zame daga jikin fankar, ko bakinsa ya nutse cikin ruwan da ya taru a ƙasa, fanka tana ta kuka ba abin da take zuƙowa. Bakin tiyon ya kamata ya sauka can ƙasa inda tururin ke kwanciya, amma sama da inda ruwa ke kaiwa. A saman kafireto ko mashigar iskar injin kuma akwai wata raga ta ƙarfe mai tare harshen wuta idan inji ya yi tari ta baya. Ta zauna daram, ba huji, ba ta cushe da baƙin mai ba. Injin dizal da injin da ake ratayawa a waje ba ruwansu da wannan raga.

Kafin duk wannan, da zarar an ɗaga murfin, ka sunkuya ka shaƙa. Hanci ya fi kowace na'ura da za ka iya ɗauka a jaka. Idan ka ji warin fetur mai ƙarfi, binciken ya tsaya nan: kada a kunna komai, kowa ya sauka, a bar murfin a buɗe, mai jirgi ya nemo makanike. Ba ka da ikon tilasta masa, amma kana da baki, kuma a irin wannan wuri ba a sassauta magana. Ka gaya masa ƙarara cewa kai ba za ka sa iyalinka a wannan jirgi ba yau.

Sauran abubuwan ba sa cin lokaci. Abin yin ƙara, ko usur ko oda, wanda za a ji daga nisan rabin mil. Ƙararrawa sai jirgi ya kai mita 20. Fitilu: ja a hagu, kore a dama, fara a baya da sama, kuma jirgi mai ƙafa 16 ko fiye ya iya kunna farar fitilar tsayuwa ita kaɗai ba tare da na tafiya ba. Ko mai jirgi ya rantse ba ya kai magariba a ruwa, a kunna a gani, domin inji ba ya shawara da kowa kafin ya mutu da yamma, hazo ma haka. Daga ƙafa 26 akwai allunan gargaɗi biyu, na hana zubar da mai da na hana zubar da shara. Jirgi mai banɗakin dindindin sai da na'urar da aka amince da ita, kuma famfon da ke zubarwa cikin ruwa ya zama an rufe shi an ɗaure yadda ba zai buɗu da kuskure ba. Mai tsawon mita 12 ko fiye ya riƙe kwafin dokokin tuƙi a ruwa.

Akwai kuma igiyar kashe inji. Tun 1 ga Afrilun 2021, mai tuƙa jirgi ƙasa da ƙafa 26 da ke da wannan makashi dole ya maƙala igiyar a jikinsa idan yana gudu, sai in sitiyarin yana cikin rufaffen ɗaki, kuma jiragen da aka ƙera daga Janairun 2020 da shi suke fitowa. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa ganin jirgin da direbansa ya faɗa ruwa: sitiyari yakan karkace, jirgin ya riƙa zagaye da gudu yana dawowa kan mutumin da farfela. Za ka tarar da igiyar a nannaɗe a jikin makunni ta yi shekaru ba a taɓa ta ba. Ka tambaye shi yaushe rabon da ya gwada ta.

Dokokin jiha suna cikin fom, kuma nan ne littafin tarayya ba zai taimake ka ba, sai ka nemi na jihar da kake tsaye a cikinta. A Maryland duk wanda aka haifa daga 1 ga Yulin 1972 sai da takardar shaidar kwas kafin ya tuƙa jirgi mai inji. A New York tun farkon 2025 kowa ne, ba ruwansu da shekarun haihuwa. Pennsylvania da ke maƙwabtaka da ku ta wajabta sa riga a ƙananan jirage daga Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu saboda sanyin ruwa. Jirgin da ya cika na tarayya ya gaza na jiha ba ya samun sitika.

Abu na ƙarshe a jerin shi ne yanayin jirgin gaba ɗaya, kuma shi ne ke bukatar hankalinka fiye da littafi. Batir a ɗaure, kawunansa a rufe, kada sifana ta faɗo ta haɗa su. Wayoyi ba a zube ba, da fis ko makatsin wuta. Tiyon mai bai tsattsage ba, tanki a ɗaure, kwarmin ƙasa ba mai ba tsummoki. Murhun girki a kafe, nesa da labule. Injin da aka rataya bai fi ƙarfin da aka rubuta a farantin jirgin ba. Jirage masu gindi ɗaya ƙasa da ƙafa 20 suna da wannan faranti mai faɗin yawan mutane da nauyi.

To, idan komai ya cika, kai da kanka za ka manna sitikar, ko a manna a gabanka, a ɓangaren hagu inda za a gan ta, a cire ta bara. Ba a ba mutum ita a hannu ya tafi da ita gida. A nan ne za a gwada ka, kuma ba baƙo ne zai gwada ka ba, wanda ka sani ne. Zai ce, “Haba, sandunan wuta ne kawai, wallahi gobe zan saya, manna min.” Kada ka manna. Ka rubuta masa abin da ya rage a fom, ka ba shi kwafinsa, ka ce in ya saya ya kira ka ka dawo. Sitikar nan shaida ce cewa a ranar da aka duba, jirgin ya cika dukkan sharuɗɗa, kuma matarsa da abokan da zai ɗauka ranar Asabar ita za su gani su saki jiki. Guda ɗaya da aka bayar bisa alƙawari ta isa ta zubar da darajar sauran a matsayar nan gaba ɗaya. Ka kuma gaya wa wanda ya ci gaskiya: sitika ba ta hana jami'ai tare shi su hau jirginsa, kuma ta shekarar da aka rubuta a jikinta ce kawai. Wasu kamfanonin inshora suna rage kuɗi saboda ita, amma wannan tsakaninsa da su ne, kada ka yi masa alƙawari.

A gefen fom ɗin akwai jerin abubuwan da ba sa hana sitika amma ana so a tattauna, kuma ina roƙonka kada ka tsallake su don sauri. Rediyon ruwa da tasha ta 16 da ake kiran agaji a kanta, domin wayar hannu tana rasa sabis kuma jiragen da ke kusa ba sa jin ta. Anka da igiya isasshiya, famfon kwashe ruwa ko ko da bokiti, akwatin taimakon farko. Barin bayani a gida: ina za a je, da wa, yaushe za a dawo. Hayaƙin inji mai kisa ba wari, wanda ke taruwa a bayan jirgi inda yara ke son rataya suna wasa da ruwa. Giya, wadda shekara da shekaru ita ce kan gaba cikin sanannun dalilan haɗurran da ake mutuwa. Sai wajibcin kai rahoton haɗari idan an yi mutuwa, ko mutum ya ɓace, ko raunin da ya wuce taimakon farko, ko asarar da ta kai dala 2,000. Ba duka za ka zazzage wa kowa ba. Ka dubi jirgin da mai shi: mai kamun kifi shi kaɗai da asuba, igiyar kashe inji da sa riga a jiki za ka tsaya a kai; mai iyali da ƙananan yara, girman riguna da hayaƙin bayan jirgi; mai sabon jirgi da bai taɓa shiga Chesapeake ba, rediyo da hasashen yanayi, sannan ka ba shi ranar kwas na gaba da reshenku zai yi.